Hawan jini ba ya jiran ciwon kai

Yau da safe aka kawo wani dattijo asibiti, baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ba ta fita. Da aka auna jininsa, 190 bisa 110. Ɗansa ya ce, "Ai Baba ya warke tun bayan sallah, kansa ya daina ciwo, shi ya sa ya ajiye maganin." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa, zuciya da ƙoda suna lalacewa a hankali. Maganin danne shi yake yi, da an daina sha sai ya sake hawa. Awo ne kaɗai ke nunawa, kuma 140 bisa 90 zuwa sama hawan jini ne. Kafin awo a zauna minti 5, a jingina baya, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ban da sigari, goro ko kofi tsawon rabin awa. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da yaji. Har yanzu ina tunanin mutum nawa ne suka ajiye maganinsu don sun ji sauƙi.