Kada ku karanta tarihin Ayilan yadda na fara karanta shi

Ƙannena, shekaruna na farko da littattafan tarihin Ayilan na yi su ne da kuskure ɗaya a kaina: na ɗauka Bature Bature ne, duk kanwar ja ce. Da na ga taswira, tsibirin Ayilan na maƙale da Ingila, sai na sa mutanensa cikin sahun masu mulkin mallaka. Ashe su ma an mallake su, kuma daga 1801 majalisar Landan ce ta riƙa yi musu doka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na karanta labarin babbar yunwar da ta fara a 1845. Wani ɗan siririn littafi na samu a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, bangonsa ya yage. Shafi uku ya ba yunwar. Ya ce cuta ta kama dankalin turawa, ya ruɓe a ƙasa, mutum kusan miliyan 1 suka mutu, wasu kusan miliyan 1 suka bar ƙasar. Na rufe littafin, na yi shekaru ina faɗa wa mutane cewa ciwon dankali ne ya kashe su. Har ɗalibai na koya wa haka, kuma wannan ne bai bar ni ba har yau.

Sai da na zauna da manyan littattafan, masu teburan lissafi da nake tsallakewa a da, na ga abin da ke ƙasa. Talakan Ayilan ba shi da gona tasa. Haya yake yi a wurin masu ƙasa, da yawansu suna zaune a Ingila. Hatsi da shanu da man shanu na biyan haya ne, dankali kaɗai ne na tukunyarsa. Shi ya sa a tsakiyar yunwa jiragen ruwa suka ci gaba da fita da abinci daga tashoshin ƙasar. A 1847 aka kawo dokar da ta ce wanda ke riƙe da fili sama da kwatan eka ba zai samu tallafi ba sai ya saki filin. Ku tsaya a nan ku yi tunani: magidanci da yara suna kuka, an ce ya zaɓi tsakanin kwanon abinci da ƙasar da zai shuka baɗi. Duk wanda ya taɓa ganin manomi ya sayar da gonarsa a tsakiyar damina don ya ciyar da gida ya san nauyin wannan zaɓi.

A waɗannan shafuka ne na ga Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aika wa masu yunwar da tallafin fam 1,000, ƙabilar Choctaw ta 'yan asalin Amurka kuma, da ba ta daɗe da fita daga nata bala'in na korar ta daga ƙasarta ba, ta tara musu dala 170.

Don haka idan littafi ya zo hannunku, ku duba shekarar da aka buga shi da inda marubucin ya tsaya. Wanda ya rubuta boren da 'yan Ayilan suka yi wa mulkin Birtaniya a lokacin Ista na 1916 daga Dublin da wanda ya rubuta shi daga unguwar 'yan Furotesta a Belfast ba za su ba ku labari ɗaya ba, ku nemi duka biyun. Kada kuma ku yi tsalle zuwa rikicin Ayilan ta Arewa da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 kafin ku san yadda aka raba tsibirin a 1921, na yi hakan na ruɗe.

Ƙidayar 1841 ta samu mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Yau, bayan fiye da shekara 180, bai koma wannan adadi ba. Wannan lissafin yana cikin teburin da na tsallake.