Abin da aikin dare ya koya mini game da ƙarfin Ubangiji

Ni nas ce a nan Zariya, kuma gaskiya duk wanda ya ce maka ilimi da ƙwazo kaɗai ke riƙe mutum a aikin jinya, toh bai taɓa kwana a ɗakin yara lokacin damina ba. A makaranta an koya mana allura, ƙarin ruwa, awon jini, lissafin magani daidai da nauyin yaro, duk da kyau. Amma babu malamar da ta koya mana abin da za ki yi ƙarfe uku na dare, an ɗauke wuta, janareto bai tashi ba tukuna, kina neman jijiyar yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini da tocilan waya a baki, uwarsa ta riƙe miki gefen riga tana cewa "Sista ki taimake ni, shi kaɗai gare ni", ga wasu gadajen suna jiranki, ga ƙafarki ta kumbura.

A irin wannan lokacin haƙurin da aka haife ki da shi ƙarewa yake tas. Mutane suna ɗauka dogara ga Ubangiji na nufin ba za ki gaji ba, ni kam ina gajiya sosai. Abin da na gani shi ne, in na yi 'yar addu'a a zuci, ko "Yesu ka riƙe ni" kawai, sai in samu bakin amsa wa matar nan da taushi, hannuna ya daina rawa, in sake gwadawa. Manzo Bulus ma ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu a 2 Korintiyawa 12:9 ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi, ikonsa a cikin rashin ƙarfi yake cika. Ba a cire ƙayar ba fa, a haka ya ci gaba da aiki.

Inda bishara ta fi yi mini amfani kuma shi ne ranar da muka yi duk abin da za mu iya amma yaro ya tafi. Wannan nauyin yana kashe ma'aikatan lafiya a tsaye, wasu zuciyarsu ta bushe su koma yi wa masu jinya tsawa, wasu su bar aikin gaba ɗaya. Bishara ta ce mini Mai Ceto ɗaya ne, kuma ya riga ya gama aikinsa a kan gicciye, Allah ya karɓe ni saboda Almasihu tun kafin in iya riƙe sirinji. Don haka zan iya yin kuka tare da uwar, in rufe yaron da zane cikin mutunci, in cika takarda, sannan in wuce gado na gaba da zuciya ɗaya, domin shi ma wannan yaron yana da hakki a kaina.

Yawancin marasa lafiyarmu Musulmi ne, daga Tudun Wada, Sabon Gari, cikin birni, har ƙauyukan Giwa da Soba. Ba na yi wa kowa wa'azi a kan gadon asibiti, a ganina bai dace ki kama mutum yana cikin ciwo ba. Nakan ce "Baba sannu, Allah ya ƙara sauƙi", ya ce "amin 'yata, Allah ya yi miki albarka", kuma har raina nake jin wannan addu'ar.

Wani lokaci in na je sujada Wusasa nakan tsaya kallon tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa tun 1929, lokacin da mishan ɗin Likita Miller ya baro cikin birni ya dawo can. Shi Miller likita ne, kuma yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Kusa da majami'ar ga asibitin St. Luke. Daga wannan 'yar unguwar aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ga kuma Farfesa Ishaya Audu, likitan yara da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) daga 1966 zuwa 1975, shi ma a Wusasa ya yi karatu. Kenan a garin nan bishara da jinya tare suka taso, abin yana ƙarfafa ni ba kaɗan ba.

Ɗalibai masu zuwa koyon aiki wurinmu kullum ina ce musu su ci abinci kafin su karɓi aiki, su yi barci da rana, domin annabi Iliya ma da ya gaji ya kwanta a jeji, abinci da ruwa mala'ika ya fara ba shi. Sannan su yi addu'a tun a kan hanya, ko a cikin Keke Napep ne.

Damina ta kankama, gadaje sun fara cika, jini kuma yana yi mana wuya a ɗakin yara. 'Yan'uwa ku sa mu a addu'a, wanda kuma yake da lafiya ya daure ya zo ya ba da jini.