Tambayar da Malam ya yi min da jan biro

Ranar da na je karɓar babi na biyu na kundin digirina, na tarar malamin da ke duba min aiki ya zagaye sakin layi guda da jan biro, ya rubuta kalma ɗaya tak a gefe: "Wa?" Na ce, "Malam, ai ni na rubuta." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hannunka ne, na sani. Tunanin fa, na wane ne?"

Allah ya sani ban yi niyyar sata ba. Abin da ya faru shi ne, a ɗakin karatu nakan kwafi maganar marubuci da nawa sharhin a littafi guda, da biro guda, ba lambar shafi, ba alamar zancen wani. Bayan wata uku da na zo haɗa babin, sai na ga jimloli masu daɗi da rubutun hannuna, na ɗauka nawa ne. Inda na ji shakka kuma na sauya kalma biyu uku, a zatona hakan ya wadatar. Ashe ko ka canja wa maganar mutum riga, tasa ce.

Malam bai yi min faɗa ba. Tambayata ya yi ko na yi Islamiyya. Na ce na yi. Ya ce to ta yaya ake fara karanta hadisi? Na ce, "An karɓo daga wane." Sai ya tuna min maganar Abdullahi ɗan Mubarak, cewa isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana, yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ya ƙara da cewa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta don kawai ya lissafa malaman da ya karɓi ilimi a hannunsu. Na fito ofishin jikina a sanyaye. Ni da nake kallon jerin manazarta a matsayin wahalar boko, ashe abin da na tashi a cikinsa ne tun ina ƙarami.

Daga ranar na canja yadda nake ɗaukar bayani. Kafin in kwafi harafi ɗaya, sai na rubuta sunan marubuci, shekara, sunan littafi da maɗaba'a a saman shafi. Maganarsa da baƙin biro, tawa da shuɗi. Idan ra'ayinsa nake so ba lafazinsa ba, sai in rufe littafin, in faɗa da bakina kamar ina yi wa ƙanina bayani, sannan in rubuta, in kuma sa sunansa. Tsarin ambaton manazarta na APA da sashenmu ke bi ba shi da wuya: suna da shekara cikin baka biyu, a ƙara lambar shafi idan lafazin aka ɗauko, maganar da ta kai kalma 40 kuma a ware mata wurinta daban.

Akwai wani laifin da ya fi wannan ɓuya, kuma na same shi a aikina har sau huɗu. Na jingina magana ga littattafan da ban taɓa riƙewa ba, a wajen wani na tsince su. Da na nemo ɗaya daga ciki, sai na ga marubucin bai ma faɗi haka ba. Wanda na kwafa ne ya juya zancen. Da na bar shi, na ɗora wa bawan Allah maganar da ba tasa ba, na kuma yaɗa ta. Idan asalin ya gagara samuwa, a faɗi gaskiya: wane ne ya ruwaito daga wane.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda ɗalibai suka mayar da hankali kan Turnitin, manhajar da ake binciken satar rubutu da ita, kowa burinsa kason kamanceceniyar da take nunawa ya sauko. Manhajar kamanceceniyar kalmomi take nunawa, ba ta san amana ba. Sakin layin nan nawa ma wataƙila da ya wuce ta lafiya lau.

Gyaran babin ya ci min mako biyar. Da na mayar, Malam ya buɗe wurin da ya zagaye, ya bi sunan da shekarar da yatsa, ya ce, "Yawwa. Kawo babi na uku."