Motar Hajiya, Takardun Alhaji

Lokacin da na fara aiki a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora a Kaduna, an koya mana karanta rahoton 'yan sanda, da gane lissafin bakanike idan ya yi aringizo, da duba lambar mota a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, don bambance takardar gaske da ta bogi. Babu wanda ya kawo mana zancen mutuwar aure. Amma cikin fayilolin da suka fi ba ni wahala, da dama na motocin da aure ya mutu ya bari ne.

Kusan duk hanya ɗaya suke biyowa. Maigida ya saya wa matarsa mota, ya miƙa mata makulli, an yi guɗa, an ɗauki hoto. Sai dai shi ya je wurin dillali, don haka rasit da sunansa, rajista da sunansa, inshora da sunansa, har lambar wayar da ke kan fom tasa ce. Ana zaman lafiya wannan ba ya hana komai, domin yawancin takardun inshorar mota sun haɗa da duk wanda ya tuƙa da izinin mai inshorar, muddin yana da lasisi. Ranar da aka miƙa takardar saki, wannan izinin ya zama abin gardama.

A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, kyauta tana cika idan wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Mace ta kawo shaidu, alƙali yakan bar mata motarta, kuma a ganina haka ya dace. Inshora kuwa yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutum, ba ta bin mota duk inda ta je. Kuma ba a biyan mutum diyyar abin da asararsa ba ta taɓa aljihunsa ba. To ka ga inda gizo ke saƙa: shi yana da takarda amma motar ta fita hannunsa, ita tana da mota amma kamfani bai san da ita ba.

Wata malamar makaranta ta zo ofishinmu tare da yayanta, bayan ta yi karo a hanyar Zariya. Cikakkiyar inshora ce a kan motar, wato mai gyara har motar mai ita, kuɗin shekara an biya, wa'adi bai ƙare ba.

Ta ce, "Malam, motar nan tawa ce. Alƙali ma ya tabbatar."

Na ce, "Hajiya, ban musa ba. Amma sunan da ke nan ba naki ba ne, dole mu ji daga bakinsa."

Yayan ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ko gaisuwarmu ba ya amsawa?"

Da muka sami tsohon mijin a waya, maganarsa ɗaya: shi bai ba kowa izinin tuƙa motarsa ba. Ban san ko ya gane nauyin abin da ya faɗa ba. In motar tasa ce, ya cire direbar daga cikin yarjejeniya. In kuma tata ce, kamar yadda kotu ta ce, shi ba shi da abin nema a wurinmu. Ta kowane gefe fayil ɗin ya tsaya cik. Kuɗin gyara daga albashinta ya fito.

Wani lokacin ba ma mugunta ba ce, sakaci ne kawai. Inshorar mota ta shekara ɗaya ce, saƙon tunatarwa kuma wayar Alhaji yake zuwa, shi ko ya daina kallon abin a matsayin nauyinsa. Ita tana yawo da tsohuwar takarda a aljihun mota, ba ta taɓa duba kwanan watan ba, sai ranar da ta bugi motar wani. Inshorar dole, wadda ake kira tad fati, tun ranar 1 ga Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar da aka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3. Dubu goma sha biyar ce ke tsakanin bazawara da bashin gyaran motar wani attajiri. Ita wannan inshorar ba ta gyara motar mai ita, abin da mutane da yawa ba sa ji sai bayan hatsari. Cikakkiyar ce ke yin haka, ita kuma ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar: motar miliyan 8, naira 400,000 ke nan a shekara.

Gyaran abin ba shi da tsada. Takardar kyauta ko hukuncin kotu, canjin mallaka a ofishin lasisi, sannan a sanar da kamfani a rubuce, a yanki sabuwar inshora da sunan mai motar. Kamfanonin takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, su ma sai an bi wannan hanyar. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne cikin idda, manya na shiga tsakani, ana lissafin kayan ɗaki, shi kuma bai daina ɗaga waya ba. Amma wa ke tunanin takardun mota a irin wannan hali? Ana ta gado da kujeru da wanda zai riƙe yara.

Mu ma da muke wannan sana'a muna da namu kason laifi. Wakili yana sauri ya karɓi kamashonsa, ba ya tambayar wa zai riƙa tuƙa motar, ko ta wace ce a gaskiya. Da za a yi wannan tambayar ranar farko, da sunan matar aka rubuta tun ana dariya.

Maza ma abin yana faɗa musu. Na ga motar da aka saya da rancen wurin aikin matar, komai da sunanta, amma mijin ne ya riƙe ta bayan rabuwa, da yardarta, don kai yara makaranta. Ya yi hatsari, ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofishin 'yan sanda da gareji da ofishinmu, ya cike kowane fom da hannunsa. Da diyya ta fito, asusun tsohuwar matarsa aka tura ta, domin sunanta ne a kan yarjejeniya. Ya zo yana faɗa, manajanmu ya nuna masa shafin farko, ya ce ya je su sasanta a gida.