Injin Yankan Ciyawa: Nemi Kayan Gyaransa Kafin Ka Biya Kuɗinsa

A sana'armu ta sayar da injunan yankan ciyawa da gyaransu, mafi yawan waɗanda ake kawowa a ce sun mutu, ba mutuwa suka yi ba. Wani ƙaramin abu ne ya lalace, ko bel, ko wayar burki, ko ƙarfen da ke riƙe wuƙa, aka nema aka rasa, sai aka jingine injin a bayan gida har tsatsa ta cinye shi. Don haka idan mai saye ya tambaye mu wanne ne mai ƙarko, mukan ce ya fara duba wanda zai samu kayansa nan da shekara biyar. Fenti da girman suna su biyo baya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, abin da suke turawa haɗin kamfani biyu ne. Kamfani ɗaya ya ƙera gangar jiki, wato kwanon da ke rufe wuƙa da tayoyi da mariƙi da buhun tara ciyawa. Wani kamfanin daban ya ƙera injin da aka ɗora a kai. Sunan da ke rubuce ɓaro-ɓaro a gaban kwanon sau da yawa na ɗan kasuwa ne da ya ba wata masana'anta kwangila, kuma baɗi yana iya komawa wata masana'antar. Kai dai ka sunkuya ka duba injin kansa. Idan Briggs & Stratton ne, ko Honda, ko Kawasaki, ko Kohler, ko Loncin, ka san akwai lambobi da zanen kayan ciki da za a bi a samo maka abin da ya lalace. Idan kuwa ba suna, ba lamba da aka buga a jikin ƙarfe, sai wata 'yar takarda da ruwan farko zai ɗaye, ajiye shi komai sauƙinsa. Araha ba ta ado.

Babban suna ma ba ya hana kamfani shiga wani hali. Briggs & Stratton ya bayyana karyewar jari a 2020 har wasu masu zuba jari suka saye shi, Honda kuma ta daina ƙera injunan yankan ciyawa masu fetur a masana'antarta ta Amurka a 2023. Duk da haka kayan injunansu ba su ɓace daga kasuwa ba, saboda miliyoyinsu na aiki a duniya, kuma wasu kamfanoni na ƙera musu fulogi da filta da kafireto. Yawan inji a hannun jama'a shi ke tsare kayan gyaransa.

Girma kuwa fili ne ke yanke hukunci. Ƙaramin fili shimfiɗaɗɗe, kwano mai faɗin santimita 40 zuwa 46 da inji mai cc 125 zuwa 140 sun wadatar. Fili babba, ko mai tudu, ko ciyawa mai kauri da ake bari ta yi tsawo, a nemi faɗin santimita 51 zuwa 53 da inji mai cc 160 zuwa 190. Mai jan kansa yana rage gajiya, amma ka sani ka ƙara wa kanka abubuwa uku masu lalacewa: bel, da akwatin giya, da wayar da ke ɗaure su da mariƙi. Wanda filinsa bai kai ya kawo ba, gara ya tura da hannu. Mai yankan ciyawa don neman abinci, wanda injinsa zai wuni yana aiki, ya nemi wanda aka sa wa silinda rigar baƙin ƙarfe a ciki, irin Honda GXV160, domin silindar alminiyam zalla an yi ta ne don aikin gida na sa'a ɗaya ko biyu a mako.

Kwanon shi ne abin da in ya tafi, injin ya tafi, don da wuya a samu sabo da kuɗin da ya dace. Na ƙarfe yana jure duka amma tsatsa na cin sa daga ciki, inda jiƙaƙƙiyar ciyawa ke mannewa. Na alminiyam ba ya tsatsa, sai dai dutse kan fasa shi, kuma ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba. Na roba mai kauri ba laifi a fili mai tsabta. Ka danna gefen kwanon da hannu. Idan ya lotsa, ƙarfen ya yi siriri. Ka kama taya ka girgiza. Mai boris a ciki tana tsayawa daram, wadda kuwa roba ce kawai a kan sanda, damina biyu sai ta fara rangaji, yankan ya fito gefe sama gefe ƙasa.

Masu batir sun inganta ƙwarai, ba mai, ba fulogi, ba kafireto. Amma a nan batirin ne kayan gyaran da zai fi cin kuɗi, kuma yawanci na wannan kamfani ba ya shiga na wancan. A ninka bolt (V) da amfiya-awa (Ah) da aka rubuta a jikinsa don a san ainihin yawan wutar da yake ɗauka: bolt 36 sau Ah 5 ya ba da wat-awa (Wh) 180. Wanda aka rubuta wa 40V yawanci shi ne dai mai 36 ɗin, an rubuta adadin da yake nunawa lokacin da ya cika. A zaɓi kamfanin da batirinsa ke aiki a sauran kayansa da yawa, don ba zai yi saurin daina ƙera shi ba.

Yanzu batun lambobi, wanda a nan ne ake yawan asara. Ranar da ka sayi inji, ɗauki hoton lambobi biyu ka adana. Ta farko tana jikin kwano, yawanci a baya kusa da inda buhu ke rataye, ita ce ta wuƙa da bel da waya da taya. Ta biyu tana jikin injin, ita ce ta filta da kafireto da kwayil da igiya. A injin Briggs & Stratton lambobi uku ne a jere, an rubuta musu Model da Type da Code, wani lokaci a buge a murfin bawul, wani lokaci a ƙarfen da ke saman salansa ko kusa da fulogi. Duka ukun ake bukata, domin injuna biyu masu Model ɗaya na iya ɗaukar kafireto daban. Lambobi shida na farkon Code kuma ranar ƙera injin ce: biyu shekara, biyu wata, biyu rana. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin mai sayar da tsohon inji da ya rage masa shekaru. A Honda, ana buga lambar a gefen gangar injin, tare da wasu haruffa da ke nuna nau'insa. Mai zuwa shago ya ce a ba shi filtar jan inji mai taya huɗu, sai dai a yi masa canke.

Wuƙa ta fi komai ruɗa mutane, saboda duk kama suke yi. Ana auna tsawonta a karkace, daga kusurwar wannan baki zuwa kusurwar wancan. Sannan a duba ramin tsakiya: akwai zagayayye, akwai mai siffar tauraro mai tsini biyar ko shida, akwai mai ƙananan ramuka biyu a gefe, su ma sai an auna tazararsu. Wuƙar da raminta bai zauna daidai ba, ko an ɗaure ta tam, za ta goce in ta ɗauki gudu, kuma abu ne da ke juyawa kusan sau 3,000 a minti. Kada a faɗaɗa rami da magagari don a tilasta ta shiga. Wajen ɗaurawa, fikafikan da suka lanƙwashe su kalli sama, cikin kwano. Muna yawan karɓar injin da aka ce ba ya yanka, a duba a tarar an kifa wuƙar, bayanta ke dukan ciyawa. Notin a ɗaure shi da ma'aunin da littafin injin ya faɗa. A yawancin na Honda tsakanin Nm 49 ne da 59, Nm kuwa ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti ne.

A wasa wuƙa bayan kamar sa'a 20 zuwa 25 na aiki, a bi kwanciyar bakinta na asali, wajen digiri 30, ba sai ta yi kaifin aska ba. Bayan wasawa a rataye ta ta ramin tsakiya a kan ƙusa. Ɓangaren da ya rinjaya ƙasa a ƙara rage shi har ta tsaya a miƙe. Wuƙa mai rinjaye ita ke sa jijjiga, jijjiga ta kwance notuna, ta ci boris, ta tsaga kwano.

Wane kaya ne za a sayi na asali, wanne za a iya sayen kwafi? Ra'ayinmu a nan a bayyane yake. Igiya, da bututun mai, da taya, da filtar soso, kwafi mai kyau ya isa. Filtar takarda a yi hattara: idan robar bakinta ba ta zauna ta toshe ko'ina ba, ƙura za ta bi gefe ta wuce, ta goge ringi da silinda, wata 'yan kaɗan inji ya fara hayaƙi shuɗi yana shan baƙin mai. Fulogi a sayi lambar da aka rubuta, misali NGK BPR5ES a Honda GCV160, da tazarar baki milimita 0.7 zuwa 0.8, tsofaffin Briggs masu bawul a gefe kan ɗauki Champion RJ19LM. Mai dogon zare a inda ake bukatar gajere yana iya taɓa fistin. Bel kuma na asali ya fi, domin na injin yankan ciyawa an yi shi ya jure kamawa da saki, bel ɗin da aka tsinto don tsawonsa ya yi daidai yakan ƙone ko ya yi ta zamewa.

Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe guda da ba a yi masa dabara ko kaɗan, wato makullin da ke tsakanin shaf (sandar da ke juya wuƙa) da babban faifan da ke saman inji. Da gangan aka yi shi da alminiyam mai taushi, don in wuƙa ta daki dutse ko kututture, shi ya yanke a madadin shaf. Alamarsa ita ce bayan dukan, inji ya ƙi tashi, ko igiya ta riƙa fizge hannu da ƙarfi, saboda lokacin wuta ya goce. Wasu kan yanko ƙusa ko guntun ƙarfe su cusa a gurbinsa. Inji zai tashi, amma duka na gaba faifan ne zai tsage ko shaf ya lanƙwashe. Lanƙwasasshen shaf kuwa, a ƙaramin inji, sau da yawa sayen wani injin ya fi gyaransa sauƙi. In za a sauya inji ɗungurungum, a auna kaurin shaf, don akwai mai milimita 22.2 akwai mai 25, a auna tsawonsa, a kuma duba ko ramukan zama sun yi daidai da na kwano.

Kafireto shi ne ya fi kawo mana aiki, kuma kusan kullum tsohon fetur ne sanadi. Fetur ya fara lalacewa cikin kamar kwana 30, wanda aka gauraya da itanol kuma yana jawo danshi. Yana bushewa ya bar danƙo a ramin jet, ramin da bai fi tsinin allura ba. Sai ka ji inji na tashi yana mutuwa, ko yana hawa yana sauka, ko ba ya aiki sai da cok. Kafin a sayi sabo a kwance kofin ƙasa, a fito da jet, a wanke da maganin wanke kafireto, a hura iska. Kada a zura ƙarfen da zai faɗaɗa ramin. In dole sai kwafi, a gwada shi da tsohon gefe da gefe: tazarar ramukan noti, inda bututun mai ke shiga, da inda sandar gwamna, mai daidaita gudun inji, ke maƙalewa. Injunan da aka kwaikwaya daga Honda sukan yi kama a ido, amma milimita biyu sun isa su hana abu zama. Duk injin da za a ajiye fiye da wata ɗaya, a rufe famfon mai in yana da shi, a bar shi ya yi aiki har ya mutu da kansa.

Baƙin mai a sauya shi bayan sa'a 5 na farko a sabon inji, daga nan duk sa'a 50 ko sau ɗaya a shekara. SAE 30 ko 10W-30, kuma yawancin waɗannan injuna kusan rabin lita suke ɗauka. A bi sandar awo, domin cikawa fiye da ƙima na sa hayaƙi ya kuma jiƙa filta. In za a karkata inji don duba ƙasa, a fara zare hular fulogi, sannan a karkata shi yadda ɓangaren filta da kafireto zai kasance a sama.

Mai sayen na hannu ya roƙi a bar masa injin da sanyinsa, don wanda aka ɗumama kafin ya iso yana ɓoye wahalar tashi. Ya buɗe filta ya shafa yatsa a maƙogwaron da ke bayanta. In ya ji yashi, ƙura ta riga ta shiga ciki. Ya ja igiya a hankali ya ji ko akwai turjiya. Ya zare hular fulogi, ya karkata injin, wani ya matse hannun burki a jikin mariƙi don burkin ya saki, ya ja igiya sannu-sannu, shi kuma ya zuba wa notin wuƙa ido: in yana juyawa a wuri ɗaya shaf lafiya, in yana lilo ya lanƙwashe. Ya ƙwanƙwasa cikin kwano da sukundireba, musamman kusa da inda tayoyi ke ɗaure. In duk wannan ya yi daidai, ya ɗauki lambobin nan biyu ya tambayi mai kayan gyara abu huɗu, wuƙa da mariƙinta da filta da wayar burki, ya ji ko suna nan a ajiye ko kwana nawa za su yi kafin su iso, sannan ya yi ciniki.