Abin da Harhaɗa Ƙaramin Samfurin Jirgin Corsair Ya Koya Mini

Ƙanena ne ya kawo mini kwalin a matsayin tsaraba da ya dawo daga karatu a waje, saboda ya san aikina koyar da zanen fasaha ne, kuma ya tuna cewa tun muna yara ni nake ƙera wa ƴan layinmu motocin kara da na gwangwani. A cikin kwalin akwai ƙananan sassan roba masu launin toka suna maƙale a jikin firam, da takardar umarni, da fallen tambura waɗanda ake jiƙawa a ruwa kafin a manna su. Jirgin da za a harhaɗa shi ne F4U Corsair, jirgin yaƙin da kamfanin Vought ya ƙera wa sojojin ruwan Amurka, wanda ya fara tashi a ranar 29 ga Mayu, 1940. Ma'aunin samfurin 1/48 ne, wato kowace santimita ɗaya a kan teburina tana wakiltar santimita 48 a jikin jirgin gaskiya, don haka fukafukan da faɗinsu ya kai mita 12.5 suka dawo kimanin santimita 26. Na yanke wa kaina mako biyu, amma sai da aikin ya ci wata biyar, kuma yawancin wannan lokaci ya tafi ne wajen gyara ɓarnar da na yi da hannuna.

Ɓarna ta farko ta faru ne tun kafin in buɗe gam. Ina cikin goge gefunan sassan da samfefa, sai na ga wani ɗan tudu mai kusurwa uku a bakin fiffiken dama, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, na duba fiffiken hagu ban ga irinsa ba. Duk wanda ya koyi zane an cusa masa cewa dama da hagu na jirgi su yi daidai, saboda haka ban yi wata-wata ba na ɗauke shi a matsayin tabon da ya biyo robar daga wurin zubi, na sa reza na shafe shi, har ina jin daɗin cewa idona ya kama abin da wasu za su wuce. Bayan makonni, ina karanta tarihin jirgin, na gano cewa wannan ɗan tudu yana cikin abubuwan da suka ceci rayukan matuƙa. Corsair na farko yana da wata muguwar ɗabi'a: idan matuƙi ya rage gudu sosai yana shirin sauka, fiffiken hagu yakan riga na dama rasa ƙarfin ɗaukar nauyi, sai jirgin ya karkata hagu ba shiri, alhali ƙasa ko dandamalin jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama yana dab da shi. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne ɗaura wani ɗan ƙarfe mai tsawon inci 6 a bakin fiffiken dama, domin ya dagula iskar da ke bi ta wurin, fukafukan biyu su riƙa sakewa a lokaci guda. Rashin daidaiton da na ɗauka aibi ne da gangan aka yi shi. Dole na yanko guntun roba daga ragowar firam, na fere shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na ɗauke shi da hantsaki na mayar da shi gurbinsa, kuma sau uku yana tsalle ya ɓace a cikin tabarma kafin na huɗu ya zauna.

Daga ranar na sauya tsarin aikina, na daina taɓa kowane sashe sai na iya faɗa wa kaina dalilin da ya sa yake da siffar da yake da ita. Wannan ya rage mini sauri ƙwarai, amma ya buɗe mini jirgin ta hanyar da takardar umarni ba za ta iya ba. Fiffiken Corsair yakan sunkuya ƙasa daga jikin jirgin sannan ya sake ɗagawa sama, kuma wannan lanƙwasa ce ake gane shi da ita daga nesa. Asalinta injin ne, Pratt & Whitney R-2800 mai silinda 18 da ƙarfin doki 2,000, wanda yake buƙatar farfela mai faɗin kusan mita 4 kafin a ci moriyar ƙarfinsa. Farfela irin wannan tana buƙatar hancin jirgi ya yi nisa da ƙasa, amma dogayen ƙafafu ba za su jure dirar da jirgi yake yi a kan dandamalin jirgin ruwa ba, saboda haka aka lanƙwasa fiffiken aka dasa gajerun ƙafafu masu ƙarfi a daidai gwiwar lanƙwasar. Da na fahimci haka, sai na gane cewa idan na bar kusurwar fiffike ɗaya ta kauce ko da kaɗan ne, tsayuwar jirgin gaba ɗaya za ta lalace. Na yanka kwali mai kauri na yi masa matattara, na gwada sassan a bushe ba tare da gam ba har sau da yawa, sannan na haɗa su na bar su kwana biyu ban taɓa ba.

Haka kuma sanin dalili ya hana ni wani kuskuren a wurin zaman matuƙi. Na leƙa na ga babu daɓe a ƙarƙashin kujerar, sai wasu kwaroron ɗora ƙafa guda biyu, har na fara auna robar da zan rufe wurin da ita. Ashe Corsair na farko-farko haka suke, matuƙi yana iya hango cikin jirgin har ƙasa. Na ajiye robar.

Darasin da ya fi ba ni wahala shi ne na ma'auni, duk da cewa shi nake koyarwa a aji. A kan allo abu ne mai sauƙi a ce a raba da 48, amma hannu ba ya yarda da lissafin nan da wuri. Ratar da ba ta wuce rabin milimita ba tsakanin ɓari biyu na gangar jikin samfurin daidai take da ramin santimita 2.4 a jirgin gaskiya, wato wurin da babban yatsa zai shige, kuma babu makanikin da zai bar jirgi ya tashi a haka. Fenti ma haka yake. Shafi ɗaya mai kauri da buroshi ya isa ya cike siraran layukan da ke nuna mahaɗar fallayen ƙarfe, ya mayar da jirgin kamar wanda aka tsoma a kunu. Na koyi sirka fenti har ya yi ruwa-ruwa kamar madara, in fesa shi sau huɗu ko biyar, ina jiran kowane shafi ya bushe. Wayar rediyon da ke tashi daga sandar gaba zuwa wutsiya kuwa, duk zaren ɗinkin da na gwada sai ya fito kamar igiyar guga, sai da na ɗumama guntun firam a kan kyandir na ja shi a hankali ya zama siriri kamar gashi.

Fentin ya faɗo a tsakiyar hunturu, kuma a nan ne na je neman ilimi wurin wanda bai taɓa jin sunan Corsair ba. Shafina na farko na shuɗi ya bushe da kaushi kamar samfefa, ga ƙura ta lafe a cikinsa. Na ɗauki gangar jikin na kai wa wani dattijo mai fentin mota a bayan unguwarmu. Ya jujjuya ta a tafin hannunsa, ya shafa da bayan yatsa, ya ce, "Malam, fentinka a iska yake bushewa kafin ya isa jikin. Ka matso da bakin abin feshin, ka ƙara sirki, kuma kada ka sake yin feshi da rana tsaka." Na ce, "Baba, ƙurar fa?" Ya nuna mini daɓen rumfarsa da ke jiƙe, ya ce kafin ya fesa kowace mota sai yaransa sun yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Na koma gida na goge fentin gaba ɗaya, na mayar da aikin feshi bayan sallar asuba, ina yayyafa ruwa a ɗakin, ina kuma kife babbar roba a kan samfurin da zarar na gama. Launukan da na bi su ne na shekarar 1943: shuɗi mai duhu a sama, shuɗi mai haske a gefe, fari a ciki, kuma mahaɗarsu ba ta da kaifi domin a jirgin gaskiya ma feshi aka yi.

Ko tambarin tauraro sai da ya sa ni bincike, domin sojojin Amurka sun sauya shi fiye da sau ɗaya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An cire jan ɗigon tsakiyarsa a 1942 don kada a rikita shi da tambarin Japan, sannan a tsakiyar 1943 aka ƙara masa fararen sanduna da jan baki, bayan ƴan watanni kuma aka mayar da bakin shuɗi. Zaɓen tambari zaɓen wata ne a cikin tarihi, kuma duk abin da ke jikin samfurin dole ya yarda da wannan watan.

Sai kuma tsufantarwa, wato sanya wa samfurin alamun aiki da wahala, inda na sake faɗawa ramin da na yi zaton na tsallake. Jirgin da nake kwaikwayo ba daga jirgin ruwa yake tashi ba. Saboda matsalolin sauka, da dogon hancin da ke tare wa matuƙi gani, da ƙafafun da ke sa jirgin tsalle idan ya dira, sojojin ruwan Amurka sun fara miƙa yawancin Corsair ga rundunar ƙundumbalarsu, wadda ta fara yaƙi da shi daga Guadalcanal, ɗaya daga cikin tsibiran Solomon, a watan Fabrairun 1943. Filayen tsibiran Solomon na turɓaya ne da niƙaƙƙen murjani, ga rana ga gishirin teku, don haka jiragen sun koɗe sun yi dagaje-dagaje. Wannan ya ba ni uzurin sakin hannu. Na ɗauki fentin azurfa na bi fukafukan ina ɗiga alamun ɓarewar fenti tun daga tushe har ƙarshe, na kuma zizara jan tsatsa a wasu wurare saboda ya yi mini kyau a ido. Kwana ɗaya na yi ina sha'awar aikina kafin in koma kan tsofaffin hotuna in ga cewa na yi ƙarya iri biyu. Jikin jirgin alminiyum ne, shi kuwa ba ya yin jan tsatsa irin na ƙarfen ƙofa. Ɓangaren waje na fiffiken kuma, daga bayan babban ƙashinsa, da yadi aka rufe shi, yadi kuwa ba shi da ƙarfen da zai bayyana idan fenti ya goge. A ganina wannan ya fi shafe ɗan tudun nan muni, domin wancan jahilci ne, wannan kuwa son burgewa ne.

Na sake fentin fukafukan, na zauna da hotuna ina tambayar kowane tabo daga ina ya fito. Fenti yakan goge ne a tushen fiffike inda matuƙi da makanikai suke takawa, da gefunan murafun da ake buɗewa kullum don loda harsasan bindigogi shida, da bakin fiffike inda farfela take watso tsakuwa. Baƙin hayaƙi yana bin hanyar iska daga bututun salansa zuwa baya a ƙarƙashin jirgin. A gaban gilashin matuƙi kuma hotuna da yawa suna nuna wasu fararen layuka, waɗanda da farko na ɗauka ado ne. Babban tankin mai yana wurin, tsakanin inji da matuƙi, shi ne ma ya sa aka tura kujerar baya da kimanin santimita 80, kuma makanikai sukan liƙe mahaɗar fallayen da tef saboda yoyon mai. Na yanka farin tambari siri-siri na shimfiɗa a wurin, na bar gefe ɗaya ya ɗan karkace kamar yadda yake a hoton, sannan na ja ɗan zirin tabon mai daga ƙarƙashinsa zuwa gefen jirgin.

Gilashin rufin matuƙi ne na ƙarshe. Na farko da na gwada mannewa da gam mai kamawa nan take ya yi fari fat daga ciki saboda tururin gam ɗin, sai da na ɓamɓare shi na yi ta gogewa da man goge haƙori da auduga har ya dawo da haskensa, sannan na mayar da shi da farin gam na kafintoci wanda yake bushewa garau. Yanzu samfurin yana cikin akwatin gilashi a ɗakin zane, kuma a darasin farko na ma'auni nakan fito da shi in ba ɗalibai rula, in ce su auna farfelar su faɗa mini faɗinta a jirgin gaskiya. Kusan kowace shekara akan sami ɗalibi ɗaya da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, akwai wani abu a fiffiken dama da babu shi a na hagu."