Tsintuwa a makarantar Yahudawa

Ƙarfe tara na safe ina goge matakalar bene sai na ji wata hayaniya da ta tsayar da ni cak. Yara ne ke karatu da ƙarfi, bibbiyu bibbiyu, suna rangaji gaba da baya, wannan ya ja wancan ya amsa. Wallahi sai na ga kaina a zauren Malam a Zariya, saura kawai hayaƙin kara da warin tawada. Na leƙa ta taga, littafin ma daga dama suke buɗe shi. Kwanana uku ke nan da fara aikin shara a wata makarantar Yahudawa a birnin New York, wani ɗan'uwa ɗan Kumasi da muke sallah tare a unguwar Bronx shi ya samo mini.

Yaran da nake share wa azuzuwa 'yan aji 6 zuwa 8 ne, shekara 11 zuwa 14. Yininsu rabi biyu ne. Da safe sai sun yi addu'arsu tukuna, sannan Attaura da sharhin wani malaminsu Rashi, mutumin Faransa da ya rasu a 1105, sai tarihin annabawa, sai Ibrananci, sai Mishna da Gemara, wato fiƙihunsu, wanda yawancinsa da wani tsohon harshe ne, Aramiyanci. Bayan abincin rana kuma lissafi, kimiyya, Turanci, tarihin Amurka. 'Yan aji 8 sun cika bango da hotunan kisan Yahudawa miliyan 6 da aka yi a zamanin Hitila. Nan ne kaɗai nake jin ajin ya yi tsit. Ranar Juma'a da hunturu tun da rana tsaka ake tashinsu, saboda Asabar ɗinsu, ranar hutu da ibadarsu, da faɗuwar rana take shiga.

A sati na biyu na ji kunyar da har yau ba ta sake ni ba. Akwai injin ɗumama abinci guda biyu a ɗakin ma'aikata, ɗaya da jan tambari, ɗaya da shuɗi. Na zo da tuwo da miyar kuka da nama, na sa a mai shuɗin, don shi ne babu kowa a gabansa. Ashe na madara ne. Su ba sa haɗa nama da madara, ko cokali ba ya tsallakawa, kuma naman ma ba yankansu ba ne. Matar da ke kula da kicin ta shigo ta ji ƙanshi, ta tambaye ni a hankali, sannan ta cire wayar injin ta manna takarda cewa kada kowa ya taɓa. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa ma da na fi samun sauƙi. Malamai biyu suna tsaye da kofunansu suna kallo.

Ni da nake juya kowane gwangwani a kanti ina neman alamar alade, ni da na yi wata huɗu ban ci nama ba sai da na gano mahauci Musulmi, yau ni ne na ɓata wa mutane abincinsu. Kamfanin da ya turo ni ya gaya mini inda tsintsiya take da lokacin tashi, amma wannan ko kalma ɗaya. Sati guda a waje na riƙa cin abinci, a kan benci, cikin sanyin da yatsa ba ya lanƙwasuwa. Da maman yara ta kira ce mata nake yi komai lafiya.

Wata rana na tsinci dala 20 a baranda, na ɗaga ina tambayar mai ita. Wasu yara biyu 'yan aji 6 suka tsaya, sai gardama. Ɗaya ya ce kuɗi warwatse ba su da alama, mai su ya riga ya fid da rai, na wanda ya tsinta ne. Ɗayan ya ce da a cikin jaka suke dole a yi cigiya, kuma nan makaranta ce, ba titi ba. Ashe babin tsintuwa suke karantawa a Gemara. Na ce musu mu a Risala shekara guda ake cigiya, wanda ya faɗi siffar jakar da igiyar da aka ɗaure ta sai a ba shi. Suka zaro ido. Washegari malaminsu, mai gemu kamar na limaminmu, ya tare ni ya ce in maimaita masa, har ya rubuta sunan littafin. Tun zuwana ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayata abin da na sani. A ranar nan da ƙafa na taka har tashar jirgin ƙasa, ina jin kaina ɗan gidan malamai.

Amma da dare abin ya juye mini. Yaron da ya fara gardamar sa'an babban ɗana ne. Suna shirin bikinsa na cika 13, inda zai tsaya gaban jama'a ya karanta Attaura, ubansa na gefensa. Nawa na baro shi da izu 12. Da asuba allo, da safe boko, da yamma Islamiyya, makaranta uku a unguwa uku, duk a ƙafa, kuma kuɗin biyu daga cikinsu daga tsintsiyar nan suke fitowa. Yaya ya ce yaron na da kai, sai dai ya fara sanyi da lissafi, ba mai zama da shi. Inna kuma ta ce in daina damuwa, ai ni ma ba uba ne ya zauna da ni ba.

Na kira ƙarfe goma sha biyu na dare, can shida na safe. Na ce a ba shi waya ya biya mini inda ya tsaya. Ya ce, "Baba, ai na wuce inda ka sani," ya fara ja. Layin yana yankewa yana dawowa, ni kuma ina zaune a bakin gado da kayan aiki a jikina, ban gyara masa ko wasali ɗaya ba.